Kundin Gwajin Noman Furen Tulif a Katsina

14 ga Satumba, 2024

Albasar tulif da 'yar ƙanwata ta aiko daga Holan ta iso yau, kai 60, tare da takardar shaidar lafiyar tsiro. Yarinyar tana karatun aikin gona a Wageningen, kuma tun da ta je lambun Keukenhof a watan Afrilu take turo mini hotunan furanni jeri-jeri, har na gaya mata cewa ina son in ga wannan fure da idona a tsakar gidana. Ta ce, "Kawu, tulif ba ya fure sai ya sha sanyi sosai, kuma hunturun Katsina bai kai ba." Na ce mata ta aiko, neman sanyin aikina ne.

Iri huɗu ne: Apeldoorn ja guda 20, Strong Gold rawaya guda 20, Purissima fari guda 10, sai Queen of Night guda 10, wanda jansa ya yi duhu har ya kusa zama baƙi. Dukansu manyan kai ne, kewayen kowane ya kai santimita 12 ko fiye, kuma wannan yana da muhimmanci domin abincin da furen zai ci yana cikin albasar tun kafin a shuka ta.

Asalin tulif daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, yankin Tiyan Shan da Famir, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, sannan a yi ɗan gajeren lokaci mai laima kafin rani ya ƙone komai. A kan wannan tsari halittarsa take tafiya: sai ya yi mako 12 zuwa 16 a sanyin da bai wuce digiri 9 a ma'aunin Salshiyos ba kafin karansa ya iya miƙewa ya ɗauki fure. Mu kuwa a nan, ko a tsakiyar hunturu, da wuya asubahi ta sauka ƙasa da digiri 11 ko 12, rana kuma tana kaiwa 30. Saboda haka shirina kashi biyu ne. Firji zai tsaya a madadin dogon sanyin duwatsu daga yanzu zuwa Disamba, hunturunmu kuma zai tsaya a madadin sanyin Maris da Afrilu na Turai, lokacin da furen ke buɗewa a can.

16 ga Satumba

Na sayi ƙaramin firji na hannu a kan ₦85,000, da ma'aunin zafi guda biyu a kan ₦13,000. Firjin gida ba zai yi ba, domin ayaba da tumatir da tuffa suna fitar da iskar etilin idan suna nuna, kuma wannan iska tana kashe ɗan furen da ke cikin albasa tun bai ga rana ba. Na zuba kowane iri cikin jakar takarda mai huda, na rubuta sunansa, na daidaita firjin a kan digiri 5. Na kuma tara mutanen gida na shaida musu cewa wannan ba albasar miya ba ce, tana da guba ga mutum da dabba, har ma tana sa wasu ƙaiƙayin yatsu idan sun daɗe suna taɓa ta. Gaskiya ne mutanen Holan sun ci ta a lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, amma wannan ci ne na wanda mutuwa ta tsaya masa a ƙofa.

5 ga Oktoba

Komai lafiya. Ma'auni yana tsakanin digiri 4 da 7. Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i kaɗan, robobin ruwan da na jera a ƙasan firjin suna riƙe sanyin muddin ba a buɗe ƙofa ba.

25 ga Oktoba

Ɗaukewar wutar da ta game jihohin Arewa ta same mu, kuma babu alamar dawowarta. Daren farko robobin ruwa sun yi aikinsu, amma zuwa azahar ta washegari ma'auni ya nuna digiri 17. Na tayar da janareto safe da yamma, sai dai litar fetur ta haura ₦1,000, kuma sa'a biyu ba sa isa su mayar da firji zuwa digiri 5 a zafin Oktoba, balle su riƙe shi a can. Na koma ga ƙanƙara, na kwashe albasar zuwa cikin kula, na sa katako tsakaninta da ƙanƙarar don kada su haɗu. Kuɗin ƙanƙara ya ninka a gari saboda kowa ita yake nema, masu kifi da masu zoɓo da masu magani, wani lokaci ma sai an bi layi a dawo hannu wofi. Tsakanin fetur da ƙanƙara na kashe ₦22,000.

Abin da ya fi damuna shi ne hawa da saukar zafin. Albasa tana lissafa sanyin da ta sha ne a hankali, kuma kwanakin ɗumi a tsakiya suna rage lissafin, su kuma tayar da ita ta fara toho kafin lokaci.

28 ga Oktoba

Maƙwabcina mai sola ya ji halin da nake ciki a masallaci, ya ce, "Malam, ai da ka yi magana tun farko. Kawo su, akwai wuri." Na ce, "Alhaji, akwai sharaɗi mai nauyi, kada kayan marmari su kwana tare da su." Ya shiga gida ya yi magana da iyalinsa, aka kwashe ayaba da tumatir aka bar mini firjin da ke zaure gaba ɗaya. Allah ya saka masa da alheri, shi da mutanen gidansa.

3 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, albasa ta koma firjina, na kuma duba ta ɗaya bayan ɗaya. Laimar da ta taru cikin kula ta yi ɓarna. Kusan rabin Strong Gold sun yi fumfuna mai launin shuɗi-kore a bayan ɓawo, domin jakarsu ce ta fi kusa da ƙanƙara har takardar ta jiƙe. Waɗanda fumfunar ta tsaya a ɓawo na goge su da busasshen tsumma, na shanya su a inuwa na ɗan lokaci, na canza musu jaka. Guda biyar kuwa sun yi laushi a gindi, wurin da saiwa ke fitowa, kuma idan gindi ya ruɓe babu magani. Saura 55.

Kafin in binne ruɓaɓɓun na tsaga ɗaya daga sama zuwa ƙasa da reza, kuma abin da na gani ya sa na kira yara su zo su duba. A tsakiyar ɓawon nan mai hawa-hawa akwai cikakken fure, tsawonsa bai kai rabin yatsa ba, fari-fat, da ganyensa a naɗe da 'yan sandunan da za su ɗauki garin fure, kowane a wurinsa. Tun watan Agusta aka gama halittarsa a cikin duhu, tun albasar tana rumbun manomi a Holan. Na shekara da shekaru ina koyar da wannan a aji daga zanen littafi, amma ganin sa a tafin hannuna daban ne. Aikin mai lambu kawai shi ne kada ya bari abin da aka riga aka gama ya lalace.

Saboda kwanakin ɗumin da aka yi, na ɗage shuka daga farkon Disamba zuwa mako na uku.

19 ga Nuwamba

Na je Lambun Sarki neman shawara a kan ƙasa, wajen wani dattijo da ya tsufa a noman albasa da latas. Na nuna masa kai ɗaya, ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, me ake ci a jikinta?" Na ce, "Baba, ba a cin komai, kallo ake yi." Ya yi shiru, sannan ya ce duk abin da yake da kai irin wannan ruwa ne ajalinsa idan ya kwanta masa, don haka in yawaita yashi, in guji ɗanyen taki, in kuma zuba toka a ƙarƙashin tukwane saboda gara. Shawararsa ta yi daidai da abin da manoman Holan ke yi, domin yankin da ake noman albasar fure tsakanin Leiden da Haarlem ƙasar rairayi ce ta bayan tudun teku.

Matsalar da ta rage ita ce zafin ƙasa da rana. Tulif yana son saiwarsa ta zauna a sanyi ko da ganyensa yana shan haske. A nan na tuna da dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan lambu, wadda ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafin. Dabarar ta fi aiki idan iska a bushe take, kuma babu iskar da ta kai ta hunturu bushewa. Na ba wata maginiya aikin ƙananan tukwane 11 masu huda a gindi a kan ₦1,500 kowace, da manya 10 a kan ₦3,000 kowace. Tukunya ɗaya za ta zauna ita kaɗai babu babba, domin in sami abin kwatantawa.

8 ga Disamba

Tukwane sun iso. Yashin gulbi kura ɗaya, ₦4,000. An kafa rumfar zana a jikin katangar arewa, ₦9,000 da gwafanni. Hazo ya fara sauka.

21 ga Disamba

Na yi shuka bayan sallar asuba, lokacin da iska ta fi sanyi. Haɗin ƙasar shi ne kashi biyu na yashi, kashi ɗaya na jigawa, kashi ɗaya na tsohon takin da ya shekara ya zama gari. Kowace tukunya ta ɗauki kai biyar, tsini yana kallon sama, ɓangaren da ya baje kuma yana kallon bangon tukunya, domin daga nan babban ganyen farko ke fitowa, sai ya kwanta ta waje ya bar wa furanni tsakiya. A Turai ana binne albasa zurfin santimita 15 a cikin ƙasa, amma a tukunya na tsaya a kan abin da zai rufe tsinin da kamar yatsa uku. Yawancinsu sun riga sun fito da ɗan toho rawaya a cikin firji. Apeldoorn ya ci tukwane huɗu, ɗaya daga ciki ita ce marar babbar tukunya, Strong Gold uku, Purissima biyu, Queen of Night biyu.

Na shayar da su da ruwan randa mai sanyi sau ɗaya, sosai, na jera su a lungun da ya fi duhu, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara domin saiwa ta riga ganye fitowa.

30 ga Disamba

Fararen saiwoyi sun leƙo ta hudar gindin tukwane bakwai. Awon tsakar rana: ƙasar tukunya cikin tukunya digiri 19, ta marar babbar tukunya 27. Da asuba dukansu suna wajen 12. Ina jiƙa yashin safe da la'asar.

10 ga Janairu, 2025

Toho ya kai tsawon yatsa a kusan kowace tukunya, don haka na cire buhu na matsar da su ƙarƙashin rumfa, inda hantsi ke taɓa su na ɗan lokaci kafin inuwar zana ta karɓa. Cikin kwana kaɗan rawayan toho ya koma kore mai ɗan toka-toka. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ganye, ina wanke ta da yayyafi da sassafe, ba da yamma ba, don kada laima ta kwana a tsakiyar tsiron.

16 ga Janairu

Ɓera ya tone tukunyar Purissima ɗaya cikin dare, ya cinye kai ɗaya, ya gutsure na biyu har tsakiya. Na sayi ragar waya ta ₦5,000 na kewaye rumfar, wadda za ta kuma hana akuyar gida kusantowa. Na ga 'yan ƙwari kore masu tsotson ruwan ganye a bayan ganyen Strong Gold, na fesa musu ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu. Waɗannan ƙwari suna da tarihi da tulif. Su ne ke ɗaukar ƙwayar cutar da ke fasa launin fure ya fito da zane-zanen ja a kan fari, kuma irin waɗannan furanni, kamar Semper Augustus, su ne mutanen Holan suka riƙa saye da kuɗin da ya kai na gida, har kasuwar ta rushe a watan Fabrairu na 1637. Ba su san cewa kyan da suke biya ciwo ne da ke raunana albasar ba.

25 ga Janairu

Alhamdu lillahi, Purissima ya buɗe. Jiya da yamma ƙullin yana kore da ɗan fari a baki, yau da hantsi ya zama fure fari mai ruwan madara a gindi, a kan kara mai tsawon kamu ɗaya da rabi.

30 ga Janairu

Yau ce ranar da rumfar ta cika. Purissima bakwai, Apeldoorn goma sha ɗaya, Strong Gold takwas, duk a buɗe lokaci guda, kuma na ɗauki kujera na zauna gabansu tun daga fitowar rana har zafi ya kore ni.

Hoto ba ya nuna abu biyu. Na farko shi ne yadda haske ke ratsa furen. Jan Apeldoorn idan rana tana bayanka ja ne mai nauyi, amma idan ka zagaya ka sa ranar a bayan furen, sai jan ya kama da haske daga ciki, har jijiyoyin da ke jikinsa su bayyana. Hazon hunturu, wanda ke dusashe launin komai a gari, ya taimaka a nan, domin ya tace ranar ya bar launukan da ƙarfinsu a gaban jar katangar ƙasa. Na biyu shi ne motsi. Da asuba furen a rufe yake ruf, mai tsini. Da iska ta fara ɗumi sai ya buɗe a hankali ya zama kamar ƙaramin ƙoƙo, kuma wanda ya leƙa cikin Apeldoorn zai ga baƙin tabo a gindi da zoben rawaya kewaye da shi, da sanduna shida masu baƙin gari. Da magariba ya sake rufewa. Zafi da sanyi ne ke sarrafa wannan, kuma kowace buɗewa tana ƙara wa furen girma kaɗan. Strong Gold bai cika buɗewa ba, yana riƙe da siffarsa, rawayansa kuwa tsantsa ne babu gauraye. Ƙanshi kusan babu, wanda ya ba matan gida mamaki, domin a wurinsu fure da ƙanshi ba sa rabuwa. A ganina tulif bai yi asarar komai ba, ya zuba duk abin da yake da shi ne a launi.

Bayan la'asar Alhaji ya shigo da iyalinsa, kuma ya cancanci ya riga kowa gani. Yana zuwa Istanbul sarin kaya, kuma yana ganin furen ya ce, "Malam, ai wannan shi ne zanen da ke jikin tayil ɗin masallatansu, har kofin shayinsu siffarsa ke nan." Ya yi gaskiya. Turkawa sun riga Turawa sanin darajar tulif, har wani zamani na mulkin Sultan Ahmad na Uku, daga 1718 zuwa 1730, ana kiran sa zamanin tulif. Daga wurinsu ya shiga Turai a ƙarni na 16, kuma masanin tsirrai Carolus Clusius ya shuka shi a lambun jami'ar Leiden a 1593. Yau Keukenhof kaɗai, a garin Lisse, yana shuka kai wajen miliyan 7 kowace shekara don makonni takwas na kallo. Nawa 26 ne a yau, amma yaran unguwa sun yi layi a zaure suna shiga uku-uku, hannuwa a baya kamar yadda na sharɗanta, kuma wata yarinya ta tambaye ni ko fenti na shafa musu.

Tukunyar kwatanci ta ba da amsarta. Daga kai biyar ɗaya ne ya yi fure, a kan guntun kara da bai fi ganye tsawo ba, sauran huɗun ƙullinsu ya bushe ya zama fari kamar takarda tun yana tsakanin ganye.

7 ga Fabrairu

Hazo ya ɗauke kwana biyu a jere, rana ta kai digiri 34, kuma Purissima ya zube gaba ɗaya. Na yanke Apeldoorn shida da sassafe na sa su a ruwan sanyi cikin ɗaki, inda karansu ya ci gaba da tsawo yana lanƙwasa wajen taga.

Queen of Night ne abin baƙin ciki. Iri ne mai jinkiri, wanda ko a Holan sai ƙarshen Afrilu ko Mayu yake buɗewa, don haka ƙullinsa ya fito daidai lokacin da zafi ya juyo. Na ƙara zana ta biyu a kan rumfa, na koma jiƙa yashi sau uku a yini, har na riƙa shigar da tukwanen biyu ɗaki da azahar, amma takwas sun bushe a tsaye. Biyu sun buɗe, ƙanana, kuma launinsu ya kai yadda ake faɗa: ja mai duhu da sheƙi, wanda a inuwa ido ke ɗauka baƙi ne. Kwana uku suka yi.

19 ga Fabrairu

Fure na ƙarshe ya zube. Na tsinke kawunan don kada su ɓata ƙarfi wajen yin iri, na bar ganye, na rage ruwa.

4 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya shigo, ganye ya yi rawaya ya kwanta, don haka na zazzage tukwane. Lissafin ƙarshe: daga kai 55 da aka shuka, 34 sun yi fure, wato Apeldoorn 13 a tukunya cikin tukunya da 1 a tukunyar kwatanci, Strong Gold 11, Purissima 7, Queen of Night 2. Kuɗin da aka kashe, har da ₦12,000 na 'yan garuwa, ya kama ₦196,500, amma firji da tukwane da raga suna nan don baɗi.

Uwar albasa ta ƙare a kowace tukunya, kamar yadda ɗabi'ar tulif take, ta bar 'ya'ya a gurbinta. Sai dai 'ya'yan ƙanana ne, mafi girmansu bai kai rabin wanda na shuka ba, domin ganyen bai sami makonnin sanyin da zai tara musu abinci ba kafin zafi ya kashe shi. Ba na sa ran fure daga gare su, amma na ware guda 12 mafi nauyi na Apeldoorn, na shanya su a inuwa, zan adana su cikin busasshen yashi a ɗakin da ya fi sanyi in ga ko za su kai Satumba.

A zagaye na gaba zan bar Queen of Night da duk wani iri mai jinkiri, in ƙara Purissima da ire-iren da ke saurin fure. Firji zai fara aiki tun makon farko na Satumba domin shuka ta faɗo a farkon Disamba, furen kuma ya buɗe a tsakiyar Janairu, lokacin da hunturu ke da sauran ƙarfi. Kafin nan ina buƙatar faifan sola da batir da za su riƙe ƙaramin firji dare da rana, kuma na nemi mai haɗa sola ya zo bayan Sallah ya auna ya faɗa mini kuɗin.